Motar lantarki ta haɗa ni rigima da maƙwabta da uwargida, in sayar ne?

Wani ɗan uwa ne daga Ɗorayi ya turo min saƙo cikin dare, dogo ne sosai, na ɗan rage shi amma ban sauya masa magana ba:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, gidan haya nake zaune, mu uku ne a kan mita ɗaya. Wata bakwai kenan da na sayar da Corolla ɗina saboda kuɗin mai ya gagare ni, uwargida ta ƙara min da kuɗin adashinta na sayi motar lantarki 'yar China, ta hannu, batirinta na ɗaukar yunit 40. Dillalin yace in ta cika tana yin kilomita 300. Da farko lafiya lau, amma tunda zafin nan ya shigo da ƙyar take kai 200. Cajin ma baya cika, sai in jona tun magariba in wayi gari kashi 30 kawai ta ƙara. Zirga-zirgata bata wuce kilomita 35 a rana, ofis da makarantar yara da cefane. Satin da ya wuce soket ɗin falo da nake jawo waya daga jikinsa ya narke har da hayaƙi, yara suna kwance a wajen. Maƙwabta sunce ni nake cinye musu yunit, ɗaya ma ya daina amsa min sallama. Uwargida tace in sayar in maido mata kuɗinta, dillalai kuma rabin kuɗi suke tayawa. Na rasa yadda zanyi."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai alhamdulillahi da abin ya tsaya iya soket, wallahi da na karanta inda kace yara suna kwance sai da gabana ya faɗi. Daga yau kar ka sake jona motar nan a kowane soket na cikin ɗaki, ko da kuwa zaka hau adaidaita sahu na sati guda ne, har sai an yi gyaran da zan faɗa maka.

Ni a ganina kar ka sayar yanzu. Na karanta saƙonka sau biyu ina neman inda motar ta lalace ban gani ba, abinda na gani wayarin ne da bai dace da ita ba, da lissafin da ba a yi ba, da haƙƙin mutane da ya hau kanka baka lura ba. Duk ukun suna gyaruwa kuma kuɗin gyaransu bai kai ko kusa da rabin kuɗin motar da dillalai suke so ka yafe musu ba.

Bari in fara da soket ɗin tunda shi ne mai kisa. Soket ɗin bangon nan mai ƙafa uku da muke amfani dashi an rubuta masa amp 13, kuma an yi shi ne don dutsen guga ko hita ta ruwan zafi, abinda zai ja wuta minti goma ko ashirin ya huta. Ita kuma cajar motarka tana jan wajen amp 10 ne ba tsayawa, awa shida awa bakwai, kamar ka kunna esi biyu masu doki ɗaya da rabi a rami ɗaya ka tafi ka kwanta. In akwai sukurun da ya ɗan saki a bayan soket ɗin, ko fulogin baya kamawa da kyau, nan wajen ne zai dinga ɗumi a hankali har roba ta narke. Na taɓa zuwa wani gida a Hotoro da irin wannan ta faru, maigidan ya jawo ekstenshin daga falo ya bi dashi ta ƙarƙashin kafet zuwa taga, matarsa ce ta fara jin wani wari kamar na kifi ya lalace tana ta duba kicin, ashe robar soket ce take dahuwa. Da muka ɗaga kafet ɗin sai ga shatin wayar baƙi ƙirin ya kwanta a jikinsa tun daga bango har bakin taga. Da na kankare wayar da wuƙa sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Irin wayar nan ta cika kasuwa saboda arha, kuma akwai gidajen haya da ita ake musu wayarin.

Abinda zaka yi shi ne ka nemo mai wayarin na ƙwarai, wanda ya saba haɗa sola da inbata, ba yaron da yake canza ƙwan fitila ba. Ya ja maka layi na musamman tun daga allon rarraba wuta har inda kake ajiye motar, da waya mai kauri milimita 4 ta jan ƙarfe zalla, kuje France Road tare ka sa a kankare bakinta a gabanka kafin ka biya. Layin ya samu bireka tasa shi kaɗai, da irin birekar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurara ta jikin ƙarfe ko jikin mutum, da na'urar da take yanke layi in wuta tayi sama ko tayi ƙasa da yawa. A ƙarshen layin a sa shuɗin soket ɗin nan na masana'antu mai amp 16 mai murfi, ba farin na ɗaki ba. Sannan a kafa sandar ƙasa a haɗa wayarta, don gidaje da yawa a garin nan ramin sama na soket ɗinsu ado ne kawai babu waya a bayansa, kuma caja mai kyau in bata ji wayar ƙasa ba ƙin aiki take ko tayi ta katsewa. Ranar farko bayan an gama, in tayi rabin awa tana caji ka taɓa fulogin da bayan hannunka, ɗumi kaɗan ba komai, amma in ka kasa barin hannunka a kai to ka kashe a sake dubawa. In cajar taka tana da maɓallin rage ƙarfi, daren da aka kawo wuta mara ƙarfi ka maida ita amp 8.

Za a ce maka ka sayi babbar cajar bango mai kilowat 7 ka huta. Tana da kyau, amma amp 32 take ja, gidan haya mai mita ɗaya da taransifomar unguwa da kowa ya rataya a kanta ba zasu ɗauka ba. Bar wannan sai ka gina naka in sha Allah.

Yanzu maganar maƙwabta, kuma ƙanena kayi haƙuri zan faɗa maka gaskiya, suna da gaskiya. Kilomita 35 a wannan zafin yana cin yunit 7 a batir, daga bango kuma wajen 8 saboda akwai abinda yake tafiya a zafi wajen caji, kaga a wata ka doshi yunit 240 kenan kai kaɗai a mota kawai, banda fankarka da firjinka. In raba kuɗin kati kuke uku daidai, to wata bakwai kenan mutum biyu suna biya maka kuɗin zuwa ofis basu sani ba, ko sun sani suna jin nauyin faɗa har abin ya ishe su. Wanda ya daina amsa maka sallama bai kyauta ba, amma kai ne zaka fara zuwa. Ka san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace Jibrilu bai gushe ba yana masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci zai sa shi cikin magada. Ka same su bayan sallar isha, ba a tsaye a bakin ƙofa ba, ku zauna, kace musu kayi lissafi ka gano ka shiga haƙƙinsu, ga abinda kake ganin ya hau kanka na watannin baya, in ba zaka iya biya lokaci ɗaya ba ka ɗauke musu katin wata biyu ko uku masu zuwa. Wallahi mutanenmu in aka zo musu ta haka yawanci yafe rabi suke.

Sannan a kan sabon layin nan a ɗaura ƙaramar mita ta ƙirga, wadda ake cewa cek mita, bata da tsada. Duk ƙarshen wata ku ukun ku tsaya ku karanta lambar, ka fara cire kuɗin motarka gefe sannan a raba sauran. In mai gidan ya yarda ka nemi mitarka ta kanka a KEDCO ya fi, kuma dama sai ka sanar dashi kafin a fasa masa bango. Abu ɗaya da nake roƙonka, duk wanda yazo yace zai zagaye maka mita ya ɗauko maka layi kai tsaye daga sama, kace masa a'a. Sata ce, akwai tara mai nauyi, kuma layin da babu bireka a kansa shi ne yake cinye gida da mutanen ciki.

Sai cajin da kace baya cika. Nan ne nake so ka canza tunani gaba ɗaya, don har yanzu da kan mai Corolla kake tuƙa ta, wato a cika tanki a yi sati ana sha. Wutarmu in ta cika bolt 230 ce, sau amp 10 ya baka kilowat 2.3, in wutar ta faɗo 180 kamar yadda take yi da daddare lokacin da kowa ya kunna kayansa sai ya koma 1.8, ka cire ɗan abinda yake ɓacewa, kaga batir mai yunit 40 sai yayi awa ashirin da wani abu kafin ya cika daga ƙasa. Kashi 30 ɗin da kake gani da asuba yunit 12 ne, wato an baku wuta wajen awa shida zuwa bakwai a daren kuma motar ta sha iya shanta. Yunit 12 kilomita 60 ne ko a lissafin zafi, kai kuma 35 kake yi. To ina matsalar? Kullum kana zuba mata fiye da abinda kake kashewa. Ka riƙe ta kamar wayar hannunka, duk sanda aka kawo wuta kana gida ka jona, ko awa biyu ce, ranar Asabar da Lahadi ta rama abinda ya rage.

Kuma ma ba kowane batir ne yake son a cika shi fal ba. Ka duba takardar motar ko ka sa sunanta da shekararta a intanet ka gano wane iri ne. In LFP ne, irin wanda BYD da ƙananan motocin China da yawa suke sawa, wannan ya fi jure zafi kuma yana so a kai shi 100 kamar sau ɗaya a sati don kwamfutar motar ta daidaita lissafinta, in ba haka ba sai ta dinga nuna maka kason da ba daidai ba. In kuma NMC ne, ka tsaya a 80 a ranakun aiki, kar ka bari ya dinga sauka ƙasa da 20, sai zaka yi doguwar tafiya ka cika ka tashi. Babban abinda yake tsufar da batir shi ne a cika shi fal a shanya motar a ranar Afrilu tun safe har la'asar. A ofis ka nemi gindin darbejiya ko rumfa, a gida ma ko rumfar kwano ce ka kafa mata. In ka dawo da rana jikinta da zafi ka barta ta huce zuwa bayan magariba kafin ka jona.

Maganar 300 da ta koma 200 kuwa, kilomita 300 ɗin nan lambar gwajin China ce da ake kira CLTC, a ɗakin gwaji ake yinsa, a hankali, ba esi, ba rami, ba lodin yara da buhun shinkafa. Duk mai sayen motar China ya cire kamar kwata daga lambar tun a wajen ciniki. Sannan ka tuna lokacin da ka saye ta, ƙarshen damina ne aka shiga hunturu, gilas kake saukewa ka sha iska. Yanzu kuwa garin yana haura digiri 40, esi yana aiki tun daga ƙofar gida, ka tsaya a cunkoson Kabuga ko Ƙofar Famfo motar bata motsi amma esi yana shan batir, ita ma motar tana kashe wuta wajen sanyaya batirinta. In damina ta sauka zaka ga lambar ta ɗan dawo. Kafin nan, in motar tana jone da safe kuma akwai wuta ka kunna esi minti goma kafin ka cire waya, sanyin farko ya fito daga bango, ka sa abin tare rana a gilashin gaba, kuma ka duba iskar taya duk sati biyu da safe, lambar tana manne a jikin ƙofar direba.

Amma ban ce ka yarda da maganata ido rufe ba, tunda ta hannu ce zai yiwu batirin ya ɗan gaji. Cek mitar nan zata faɗa maka gaskiya ba sai ka biya kowa ba. Ka bari ta sauka kashi 20 ranar Juma'a da yamma, ka rubuta lambar mita, ka jona kar ka tuƙa ta har ta kai 80 ko da zai ɗauki dare biyu, ka sake rubuta lambar. Kashi 60 na yunit 40 shi ne 24, da abinda yake ɓacewa a hanya ya kamata mita ta nuna wajen 27. In ka ga 25 zuwa 28, batirinka garau yake. In ka ga kamar 20, to ya rasa wajen kwata na ƙarfinsa, kuma ko a hakan zai yi maka kilomita 35 ɗinka na shekaru, sai dai ka san abinda kake riƙe dashi in ranar sayarwa tazo. In kuma kaso yana faɗowa farat ɗaya, daga 40 ka ganshi a 15, wannan ciwo ne a wasu ƙwayoyin batirin, sai an jona mata kwamfuta an duba.

Janareta kar ka maida shi hanyar caji, ribar da ka gudo nema zata koma gidan mai, ƙananan ma cajar bata yarda dasu. Sola kuwa Allah ya bamu rana a Kano, faranti shida masu wat 550 zasu iya baka fiye da abinda kake kashewa a yini, matsalar dai da rana motar tana ofis, kuma juye batirin inbata na gida a cikin mota da daddare kashe shi ne da wuri. Ka ajiye wannan a ranka zuwa gaba.

Wajen gyara ka huta da baƙin mai da filogi da salansa da bel ɗin inji, amma ba a ce babu komai ba. Akwai ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, shi yake tada kwamfutar, zafin garin nan yana kashe shi da wuri, kuma ranar da ya mutu motar ko ƙyaftawa ba zata yi ba ko da babban yana cike, mutane da yawa sun ɗaga hankalinsu a banza a kan wannan. Matatar iskar esi ka canza ta bayan kowane hunturu saboda ƙura. Man birki duk shekara biyu, ruwan sanyaya batir a duba shi kuma kar a ƙara masa ruwan famfo. Taya da ƙafafu suna shan wahala don batir ya sa ta fi sa'o'inta nauyi, waɗannan bakanikenka na Ƙofar Ruwa zai iya. Amma duk wayar da ka gani ruwan lemo ce a jikin motar, kar shi ko mai wayarin mota ko mai walda ya kusance ta, ɗaruruwan bolt ne a ciki, ba jijjiga mutum take ba, kashewa take. A wajen wanki ka hana su harba ruwa cikin ramin caji. In Agusta tazo ruwa ya kwanta a titi baka ganin ƙasa, juya ka canza hanya, batirin a ƙarƙashin motar yake kuma dutse ko bakin kwalbati in ya bugi cikinta ba ƙaramin kuɗi bane. In ta tsaya maka a hanya kar a ɗaura mata igiya a ja, a ɗora ta a kan motar ɗauka. Ɓera ma ka sa masa ido a inda take kwana.

Tafiya kuma ka san iyakarta. Wudil ko Bichi kaje ka dawo ba fargaba. Zariya ta haura kilomita 150, zuwa kawai zata kai ka, kuma gudu a babban titi ya fi yawon cikin gari shan batir. Tun 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta ƙasa, lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe wajen caji mai sola a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, amma har yanzu wuraren caji a hanyoyinmu ƙalilan ne, kuma bakin cajin motocin China, GB/T, daban yake da na Turai da na Amurka, sai ka tabbatar ya dace ko kana da mahaɗi kafin ka dogara da waje. Ranar biki a nesa ka hau ta haya, ba abin kunya bane.

Na bar maganar uwargida ƙarshe don ita ta fi muhimmanci a wajena. Baiwar Allah nan ta ɗauki adashinta, kuɗin da ta daɗe tana ƙullawa, ta baka, sannan ta farka cikin dare taga hayaƙi a kan 'ya'yanta. Ba motar take ƙi ba, tsoro ne ya kama ta, kuma tana ganin kuɗinta yana narkewa kamar soket ɗin. Kar ka ce mata bata gane ba. Ka fara gyara wayarin taga an fitar da abin daga ɗakinta gaba ɗaya, ka kira ta ta gani da idonta, ka nuna mata inda ake kashe birekar. Sannan ku zauna da biro da takarda. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abinda lita ta zama. Corolla a cikin gari da esi tana shan wajen lita 10 a kilomita 100, ko ka sa lita a naira 900 dubu tara kenan. Motarka a wannan nisan yunit 22 ko 23 take ja daga bango, ko da kuɗin 'yan Band A, masu samun wuta awa 20 a rana, aka yi maka lissafi, wanda ya koma naira ɗari biyu da 'yan kai a 2024, bai kai dubu biyar ba, ku kuwa da ba awa 20 ake baku ba kuɗin yunit ɗinku bai kai haka ba. A wata kana yin kilomita dubu da ɗan ɗori, kaga rarar ta kai dubu arba'in ko fi, banda kuɗin juyen baƙin mai. Wannan rarar ba taka bace tukuna. Ka yanka mata wani abu tsayayye duk ranar da albashi ya shigo, ka tura mata ta gani a wayarta, ku rubuta nawa ya rage, har kuɗin adashinta ya dawo cif. In ta ga wata biyu a jere baka saɓa ba, ina kyautata zaton ita da kanta zata ce a bar motar.

In kuma bayan an gyara layi, an sa mita, kayi gwajin nan ya nuna batirin ya gaji sosai, ko mai gida ya ƙi yarda a ja layin, to sai mu sake magana a kan sayarwa, a lokacin kana da lamba a hannu ba dillali ne zai yanka maka farashi yadda yaga dama ba. Ka turo min sunan motar da shekararta, da hoton takardar da take manne a bayan cajar, da abinda mita ta nuna daga 20 zuwa 80. Ka gaida uwargida da yara, Allah ya ƙara tsarewa.